Filin Amsa Tambayoyi: Ruhubanin da Ba Ya Riƙe Makami

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa duk sun faɗa kan jarumi guda cikin jaruman wasannin labari na kan tebur, wato ruhubanin da yake faɗa da hannu da ƙafa ba tare da takobi ko sulke ba. Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, abin yana tafiya ne kamar haka: mutane huɗu ko biyar suna zama a kewaye da tebur, kowa da takardar da ke ɗauke da siffofin jaruminsa, sai mutum ɗaya da ake kira jagoran wasa ya tsara duniyar da labarin zai gudana a cikinta, ya kuma yi magana da bakin duk wanda jaruman suka haɗu da shi. Idan aka zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai waɗannan akwai mai fuska 4, da mai 6, da mai 8, da mai 10, da mai 12, da kuma mai fuska 20.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina mun fara buga Dungeons & Dragons a ɗakin kwananmu na makaranta. A littafin dokokin na ga cewa ruhubani, idan ya kai mataki na 17 cikin matakan ƙwarewa da jarumi yake hawa a wasan, yana iya bugun mutum da tafin hannu, mutumin ya tashi ya yi kwanaki yana yawonsa lafiya, sannan ruhubanin ya kashe shi daga nesa a ranar da ya ga dama. Wani abokina ya rantse cewa har yau ana koyar da wannan a Shaolin. Ina son a warware mana wannan gardama. Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba, domin Shaolin wuri ne na gaske mai dogon tarihi, shi kuwa bugun da ka karanta ƙirƙira ce ta marubutan wasa, waɗanda su ma suka ɗauko ta daga tatsuniyoyin jarumta na ƙasar Sin, inda ake yawan ba da labarin gwanin da ya san wuraren da rai yake ratsawa a jiki.

An gina gidan ruhubanawan Shaolin a shekarar 495 a gindin dutsen Song, a lardin Henan na yanzu, bisa umarnin sarki Xiaowen, kuma an gina shi ne domin wani malamin addinin Buddha da ya zo daga Indiya. A shekarar 621 wasu daga cikin ruhubanawan sun taimaki Li Shimin, wanda daga baya ya zama sarkin daular Tang, a yaƙinsa da wani abokin hamayya, kuma a shekarar 1553 an fitar da ruhubanawa sun yaƙi 'yan fashin teku a gabar ƙasar Sin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a zamanin daular Ming sunan da Shaolin ta yi a fagen faɗa da sanda ta yi shi, kuma shaharar naushi da shuri ta biyo baya ne. Labarin da ake yawan ji cewa Bodhidharma ne ya koya musu dabarun faɗa bai bayyana a rubuce ba sai bayan fiye da shekara dubu da zamaninsa. Ke nan ko ruhubanawan tarihi, da yaƙi ya kama su, ba da hannu wofi suka fita ba.

Ruhubanin wasa kuwa ɗan wani zamani ne daban. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan a Amurka a shekarar 1974, sai aka ƙara ruhubani a cikin wani ƙarin littafi a 1975, daidai lokacin da finafinan faɗa na Hong Kong suka cika gidajen sinima na duniya, shekara biyu bayan rasuwar Bruce Lee. Daga allon sinima aka ɗauko shi, shi ya sa yake cafke kibiya a iska, yake faɗowa daga bene bai karye ba, yake gudu a kan ruwa idan ya yi nisa a matakai. Bugun da ka tambaya, a littafin dokokin da aka fitar a 2014, yana cin maki 3 na abin da wasan yake kira "ki", wato ƙarfin cikin jiki da ruhubani yake kashewa wajen dabarunsa, girgizar da ya sa a jikin mutum tana zama na kwanaki daidai da matakin ruhubanin, kuma idan ya tashe ta, wanda aka buga yana jefa ƙwayar tsira domin a ga ko zai kuɓuta: idan ya faɗi sai makin ransa, wato adadin ɓarnar da jarumi zai iya jurewa, ya koma sifiri, idan kuma ya tsira sai ya sha ɓarnar ƙwaya goma masu fuska 10.

Akwai dai gaskiyar da ta sa irin wannan labari yake samun gindin zama a zukatan mutane, kuma ya kamata ku san ta domin ku kiyaye. Bugu mai ƙarfi a gefen hagu na ciki yana iya tsaga saifa, mutum ya tashi kamar ba abin da ya same shi, jini yana taruwa a ciki, sai bayan kwanaki ya yanke jiki ya faɗi. Haka nan bugu a ƙirji, idan ya dace da wani ɗan taƙaitaccen lokaci na bugawar zuciya, yana iya tsayar da ita nan take, kuma an sha ganin hakan a filayen wasanni. Babu ɗaya cikin waɗannan da mai bugu yake da ikon zaɓar ranarsa, haɗari ne da ke buƙatar asibiti cikin gaggawa. Ina roƙonku, kada ɗayanku ya gwada wani bugu a jikin ɗan'uwansa da sunan gwaji.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na zaɓi ruhubaniya a wasanmu, amma naushinta ƙwaya mai fuska 4 ce kawai, alhali mayaƙin da ke kusa da ni yana jefa ƙwaya biyu masu fuska 6 da babban takobinsa. Ina ganin an cuce ni. Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: 'Yar'uwa, ba a cuce ki ba, sai dai lissafin yana buƙatar a kai shi ƙarshe. A dokokin 2014, matsakaicin abin da ƙwaya mai fuska 4 take bayarwa biyu da rabi ne, idan aka ƙara makin zafin nama 3 ya zama biyar da rabi, kuma tun daga matakin farko jarumarki tana kai bugu biyu a zagaye ɗaya, wato 11 idan duka sun samu. Takobin maƙwabcinki yana ba da 7, a ƙara 3 na ƙarfinsa, ya zama 10 a sara guda. A mataki na 5 ƙwayarki ta koma mai fuska 6, kuma idan kika kashe makin ki ɗaya za ki kai bugu huɗu a cikin daƙiƙa shida da zagaye yake ɗauka, shi kuwa sara biyu yake da shi.

Inda matsalar take da gaske shi ne wajen juriya. Kariyarki, wato lambar da mai kawo miki bugu zai kai kafin ya same ki, 10 ce a haɗa da makin zafin nama da na hikima, abin da yakan tsaya a 15 ko 16 a farkon wasa, shi kuwa mai sulken sarƙa yana da 16, idan ya ɗauki garkuwa 18, kuma ƙwayar ransa mai fuska 10 ce, taki mai 8. Makin ki kuma daidai yake da matakinki, saboda haka a mataki na 5 kina da 5 kacal; idan kika yi ruwan naushi da ɗaya, kika nemi sumar da abokin gaba a kowane bugu cikin huɗun, to kin ƙarar da su duka a zagaye guda, ba za su dawo ba sai kin samu hutun sa'a ɗaya wanda rabinsa za ki yi shi kina zaune cikin natsuwa. Saboda haka kada ki tsaya a sahun gaba kina musayar bugu da ƙato. Aikinki shi ne ki yi amfani da saurin ƙafarki ki zagaya, ki isa ga matsafi ko maharbin da ya laɓe a baya, ki sumar da shi, ki fice. Idan ƙwaya mai fuska 4 ce take ci miki rai, sabon bugun littafin na 2024 ya fara da mai fuska 6, ya ƙare da mai 12 a mataki na 17, sai dai ya taƙaita yunƙurin sumarwa zuwa sau ɗaya a kowane zagayenki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ne jagoran wasa a tsakanin abokaina, kuma na ƙirƙiro wa ruhubanawan duniyata salon faɗa nasu na kansu, na sa masa suna Guguwar Damisa. Yana da dabaru goma sha biyu, akwai naushin da ke fasa dutse, da shurin da ke tayar da wuta, da tsallen da ke kai mutum kan ganuwa, da ihun da ke kurumtar da runduna, da sauransu. Na yi wahala wajen tsara shi, amma 'yan wasana ba su riƙe ko sunan dabara ɗaya ba, naushin fasa dutse kawai suke maimaitawa, kuma wanda ya zaɓi salon ya fi kowa ƙarfi har sauran sun fara gunaguni. Ina kuskuren yake? Daga wani jagoran wasa, Kano.

AMSA: Malam, na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin wanda ya zauna ya tsara dabaru goma sha biyu mutum ne da yake ƙaunar teburinsa. Amma na karanta jerin naka daga farko har ƙarshe ban ga amsar tambayar da ya kamata a fara da ita ba: me ya sa waɗannan mutane ba sa riƙe makami? A duniyar da kowane maƙeri yake ƙera takobi, kuma dodanni suke yawo a daji, mutumin da ya zaɓi ya fita da hannu wofi dole akwai abin da ya tilasta masa, ko alkawari, ko doka, ko talauci, ko tsoron wani abu da ya fi mutuwa. Idan ba ka san wannan dalili ba, dabarunka za su zama tarin abubuwan ban mamaki da ba su da uwa ɗaya, kuma ɗan wasa zai tsinci wadda ta fi ɓarna ya watsar da saura, kamar yadda naka suka yi.

Dubi salon faɗa na gaske, za ka ga kowanne yana ɗauke da tabon rayuwar da ta haife shi. Capoeira ta taso ne a tsakanin bayin Afirka da zuriyarsu a Brazil, ana yin ta cikin da'ira da kiɗa da waƙa, har dokar ƙasar ta 1890 ta haramta ta, kuma wannan tarihi na ɓuya da kaucewa yana nan a cikin lanƙwasar jikin masu yin ta. Jigoro Kano, da ya kafa judo a Tokyo a 1882, ya ware dabarun da suka fi haɗari daga gwajin yau da kullum domin ɗalibai su iya kama juna da dukan ƙarfinsu ba tare da an nakasa kowa ba, sai wannan manufa ta fitar da siffar wasan gaba ɗaya. Su ma masu tsara wasan tebur sun fahimci haka tun da wuri, domin a wani littafinsu na 1985 sun ba jagora hanyar haɗa salon kansa, inda zai fara zaɓar ko salon mai tauri ne ko mai laushi, sannan ya zaɓi ginshiƙi guda, ko shuri, ko naushi, ko jifa, ko turi, ko murɗe gaɓa, kafin ya taɓa maganar dabaru na musamman.

Bari in ƙirƙiro maka misali daga tushe, ka ga yadda abu ɗaya yake jawo wani. A ce akwai gidan ruhubanawa a wata mashiga tsakanin duwatsu, inda hanya ɗaya tilo ta haɗa masarautu biyu da suka daɗe suna gaba. Sarakunan biyu sun yarda su bar gidan ya tsaya, ya ciyar da matafiya, ya ba su ruwa da makwanci, bisa sharaɗi biyu: ƙarfe mai kaifi ba zai ƙetare ƙofarsa ba, kuma jini ba zai zuba a farfajiyarsa ba. Ranar da ɗaya ya faru, kowane sarki yana da hujjar kawo runduna ya mamaye mashigar. Rijiyar gidan tana can ƙasan kwari, saboda haka aikin farko na kowane sabon shiga shi ne ɗauko ruwa da tulu biyu a sanda a kafaɗa, ya hau matakalar dutse safe da yamma, shekara da shekaru, ba tare da ya zubar ba.

Yanzu salon ya fara tsara kansa. Mutanen da suka girma a kan wannan matakala ƙafafunsu ne ƙarfinsu, tsayuwarsu a ƙasa-ƙasa take, kafaɗunsu ba sa karkata, kuma ba sa tsalle, domin mai ɗauke da tulu ba ya tsalle. Ba sa dunƙule hannu, tun da dunƙulallen hannu yana fasa leɓe da hanci, jini kuwa shi ne abin da suke gudu. Da tafin hannu suke turi, da damtse suke tarewa, da ƙugu suke kayarwa. Abokin gabarsu na kullum shi ne baƙon da ya ɓoye wuƙa a cikin riga ko sojan da ya ƙi ajiye takobi a bakin ƙofa, saboda haka gwanintarsu mafi girma ita ce raba mutum da makaminsa da fitar da shi waje da ƙafafunsa. Idan ka sa wa salon suna Tsaron Ƙofa, kowane ɗan wasa zai riƙe sunan, domin sunan yana faɗin aikin.

Wajen mayar da shi doka, ka bi matakan da littafin yake ba kowane reshe na ruhubanci sabon abu, wato 3, da 6, da 11, da 17, ka ba da abu guda a kowanne. A mataki na 3, idan bugunsa ya samu, zai iya kashe makin ki ɗaya ya tilasta wa abokin gaba jefa ƙwayar ƙarfi, idan ya faɗi makaminsa ya suɓuce ya faɗi nesa da shi. A mataki na 6, duk zagayen da ruhubanin bai ɗaga ƙafa daga inda yake ba, yana da rinjaye a kan duk mai neman ture shi ko kayar da shi, kuma wanda ya nemi wucewa ta gefensa zai iya tsayar da shi cik. A mataki na 11 zai iya juya sarar da aka kawo wa wanda ke tsaye kusa da shi ta dawo kansa, ya rage mata ƙarfi. A mataki na 17 ka ba shi babban abu guda da yake yi sau ɗaya kafin dogon hutu, misali ya shata layi a ƙasa da dugadugansa, duk mai ɗauke da ƙarfe da ya nemi ƙetarewa sai ya jefa ƙwayar hikima. Kafin ka kai wa teburinka, ka auna kowace dabara da ta reshen buɗaɗɗen hannu da ke cikin littafin, wanda a mataki na 3 yake kayarwa ko ya tura mutum ƙafa 15. Idan taka ta fi wannan nesa ba kusa ba, to ka rage ta ko ka ƙara mata farashi.

Sai kuma abin da Guguwar Damisa ta rasa gaba ɗaya, wato rauni. Mai Tsaron Ƙofa gwani ne a lungu, da kan gada, da bakin kogo, amma a fili fetal, a gaban maharba goma, tsayuwarsa wuri ɗaya ita ce halakarsa, kuma a gaban dabbar da ba ta riƙe makami rabin iliminsa ba shi da amfani. A nan ne zai buƙaci maharbin ƙungiya da matsafinta, su ma su san suna da ranarsu, gunagunin da kake ji ya kwanta. A ganina wannan rauni ya fi dukan dabarun daraja, domin shi ne yake sa ɗan wasa ya fara duban ƙasar da za a yi faɗa a kanta, yana tambayarka inda ƙofa take da faɗin matakala, maimakon ya jira layinsa ya zo ya jefa ƙwaya.

Ba na ce ka yar da aikinka ba. Ka ajiye dabara uku ko huɗu da suke da dangantaka da juna, ka nemo musu dalili, sauran kuma ka raba su ga wasu gidajen ruhubanawa da ke hamayya da wannan. A tsohon bugun 1978 ruhubanin da ya wuce mataki na 7 ba ya hawa sai ya nemi wanda ke riƙe da muƙamin ya kayar da shi, domin kujerun ƙidayayyu ne har zuwa na 17. Kana iya aron wannan, ka sa kowace babbar dabara tana hannun malami guda da sai an yi tafiya an same shi, an yi masa hidima, ya gamsu, kafin ya koyar.

TAMBAYA: Malam, me zai hana mu gina salon ruhubani a kan dambenmu na gargajiya, tun da shi ma faɗa ne ba da makami ba? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Babu abin da zai hana a gina jarumin wasa a kan dambe, kuma ina ganin zai yi kyau matuƙa, domin dambe yana da tsarin da kowane mai ƙirƙira zai yi sha'awa. Hannu ɗaya ana naɗe shi da zare ya zama mashi, ɗayan yana buɗe a gaba ya zama garkuwa, ana yin turmi uku, kuma da zarar gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa. Wannan kaɗai ya isa doka: bugu ɗaya mai nauyi a zagaye maimakon ruwan naushi, ƙarin kariya muddin hannun garkuwa ba ya riƙe da komai, da lada na musamman ga wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa.

Abin da nake ja maka kunne a kansa shi ne kada ka cusa ɗan dambe cikin rigar ruhubani. Ruhubanin wasa ƙarfinsa daga kaɗaici da shiru yake zuwa, shi ya sa makinsa ba ya dawowa sai ya zauna ya natsu. Ɗan dambe kuwa ɗan taro ne, sana'ar da aka san ta da mahauta, ana bin garuruwa da ita bayan an kawar da amfanin gona, kuma jininsa yana tafasa ne idan kalangu ya kira shi, makaɗi ya ambaci sunansa, ya fito yana kirari a gaban ɓangarensa, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramada. Idan ka ajiye shi a kan dutse shi kaɗai yana tunani, ka cire masa abin da ya sa ya zama shi. Ka tsara masa doka tasa, wadda makinsa yake ƙaruwa idan akwai masu kallo, ko idan mawaƙin ƙungiya ya wasa shi, ko idan ya ƙalubalanci babban abokin gaba a bainar jama'a ya amsa. Sannan ka sa shi tafiya ɗaya da ruhubani, ka bar 'yan wasanka su ga yadda mutum biyu da ba sa riƙe makami za su saɓa a kan kusan komai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Jarumina ruhubani ne da ya yi alkawarin ba zai kashe rai ba. Abokan wasana sun ce ina ɓata musu lokaci, domin duk faɗa sai na bar mutane da rai, daga baya su dawo su dame mu. Shin in karya alkawarin ne? Daga wani ɗan wasa, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ta fuskar doka kana kan daidai, domin littafin 2014 ya ba duk wanda ya kai abokin gaba sifiri da bugun kusa zaɓin ya sumar da shi maimakon ya kashe, ba tare da an rage masa komai ba. Matsalar ba a ƙwaya take ba, a tsakaninku take, kuma wurin warware ta shi ne kafin a fara wasa, ba a tsakiyar faɗa ba. Ka zauna da su da jagoranku ku fayyace iyakar alkawarin: shin ya shafi mutane ne kawai ko har da dodanni da matattun da tsafi ya tayar, kuma shin hannunka kaɗai ya ɗaure ko yana nufin za ka tare hannun abokinka. Shawarata ita ce ya tsaya a kan hannunka, domin ba daidai ba ne ɗan wasa ɗaya ya ɗora wa mutum huɗu alkawarin da ba su ɗauka ba.

Shi kuma jagoranku akwai nasa rabon laifin idan duk wanda aka bari da rai sharri kawai yake dawowa da shi. Ɗan fashin da aka sumar aka ɗaure yana iya faɗin inda sansaninsu yake, sojan da aka saki yana iya buɗe muku ƙofar gari wata rana, kuma garin da ya ji labarin ruhubanin da ba ya kisa yana iya miƙa wuya ba tare da an zubar da jini ba. Wani lokaci kuma wanda aka yafe wa ya dawo da mutum ashirin, domin alkawarin da ba ya cin mai shi komai ba zai yi nauyi a labari ba. Ka nuna masa wannan amsa, ka roƙe shi ya riƙa cakuɗa sakamakon. Idan kuma wata rana labari ya kai jaruminka inda zai zaɓa tsakanin alkawarinsa da ran abokin tafiyarsa, to wannan zaɓi naka ne kai kaɗai, kuma ka roƙi abokanka su ba ka lokaci ka yanke shi ba tare da sun yi maka ihu a ka ba.